Camry ta Kentaki, Kuɗin Fito na Tema

Yawancin Toyota Camry da ke kai da kawowa tsakanin Nima, Mamobi da Madina a nan Akra ba su taɓa shaƙar iskar Japan ba. A jihar Kentaki ta Amurka aka ƙera su, inda Toyota ta fara aiki tun 1988. Corolla ɗin da matasanmu ke aikin Uber da Bolt da su, wasu daga Misisifi suka fito, wasu daga Ontariyo ta Kanada. Highlander 'yar Indiyana ce, Honda Accord 'yar Ohayo. Elantra da Sonata da muke ce wa motocin Koriya, da yawansu a Alabama aka haɗa su, jihar da Mercedes ma ke ƙera manyan motocinta irin su ML da GLE. Kai, masana'antar BMW mafi girma a duniya ba a Jamus take ba, tana Karolina ta Kudu.

Mai son tabbatarwa ba sai ya tambayi dillali ba. Lambar shasi, wadda ake hangowa ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, haruffa da lambobi 17 ne, kuma na farkon shi ke faɗin ƙasar da aka haɗa motar. In ka ga 1 ko 4 ko 5, Amurka ce. 2 Kanada, 3 Meksiko. J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus, L Sin. Wadda ta fara da AA har zuwa AH daga Afirka ta Kudu take. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ke nuna shekarar ƙira, kuma jami'in kwastan a tashar jirgin ruwa ta Tema ya fi yarda da shi a kan duk wata rantsuwar mai mota.

Tambarin da ke goshin mota sunan mai kamfani kawai yake faɗa. Inda aka kafa masana'anta wani zance ne daban, kuma sau da yawa haraji ne ya yanke shi, ko tsoron haraji. Bayan tashin farashin mai na 1973 da na 1979, Amurkawa sun juya wa manyan motocinsu masu zuƙar mai baya, suka koma wa ƙananan motocin Japan. Kamfanonin Detroit suka shiga sallamar ma'aikata, 'yan majalisa suka fara zancen rufe ƙofa. A 1981, zamanin Ronald Reagan, Japan ta yarda ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. A takarda dai an ce da son ranta ta yi. Kamfanoninta ba su tsaya kuka ba, suka tsallaka teku da masana'antunsu. Honda ta fara ƙera Accord a Ohayo a 1982, Nissan ta buɗe a Tenesi a 1983, Toyota ta biyo sawu. Motar da aka ƙera a cikin gida ba ta shiga ƙidayar. Waɗanda kuma dole sai daga Japan za su zo, tunda adadi aka ƙayyade ba kuɗi ba, sai aka riƙa turo masu tsada. A wannan zamanin aka haifi Acura a 1986, sannan Lexus a 1989, wadda alhazanmu ke ji da ita yau.

Akwai wanda ya fi wannan ban dariya, ya kuma fi shi daɗewa. A farkon shekarun 1960 kajin Amurka masu araha sun mamaye kasuwannin Turai, sai ƙasashen kasuwar bai ɗaya, su Jamus ta Yamma da Faransa, suka lafta musu haraji. Mu da kajin ƙanƙara na waje suka durƙusar mana da masu kiwo, wannan rigimar ba baƙuwarmu ba ce. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da ɗora haraji a kan wasu 'yan kayayyaki, ciki har da sitacin dankali, da kuma kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya, don abin ya taɓa Volkswagen. Ya fara aiki a Janairun 1964. Rigimar kaji ta mutu tuntuni, an janye harajin sauran kayan, amma na a-kori-kura ya haura shekara 60 yana nan, kuma bai bar kowace ƙasa ba sai mai yarjejeniya da Amurka. Shekara da shekaru motar fasinja tana biyan kashi 2.5, ta kaya tana biyan 25.

Irin wannan rata tana koya wa mutane dabara. Ford ta yi shekaru tana ƙera ƙaramar motarta ta kaya, Transit Connect, a Turkiyya. Sai ta riƙa ɗaura mata kujerun baya, ta shigo da ita da sunan motar fasinja, a biya kashi 2.5, da ta tsallake kwastan a kwance kujerun a sayar da ita motar kaya. Aka yi ta shari'a, har a 2024 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 365. Harajin nan yana cikin dalilan da suka sa Hilux ba ta zuwa mana daga Amurka. Ba a sayar da ita a can, Tacoma aka ƙera musu a yankinsu. Hilux ɗinmu daga Tailan ko Durban ta Afirka ta Kudu take fitowa, ko kuma yanzu daga Tema.

In aka dubi duniya gaba ɗaya, a 2023 an ƙera motoci sama da miliyan 93, manya da ƙanana. Sin kaɗai ta yi miliyan 30 da ɗoriya, kusan ɗaya cikin uku ke nan. Amurka ta yi wajen miliyan 10 da rabi, Japan kusan 9, Indiya kusan 6, sai Koriya ta Kudu, Jamus da Meksiko kowacce wajen miliyan 4. A shekarar ce kuma Sin ta sha gaban Japan wajen fitar da motoci waje. Afirka dukanta ta ɗan haura miliyan ɗaya, kuma kusan duka na ƙasashe biyu ne, Afirka ta Kudu da Maroko.

To me ya sa rabonmu ya fi faɗowa daga Amurka, ba daga Japan ko Ingila ba, kamar yadda ake yi a Kenya da Tanzaniya? Sitiyari. Ranar 4 ga Agustan 1974, zamanin mulkin Acheampong, Gana ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta. Najeriya ta riga ta tun 1972. Daga nan motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu, doka kuma ta hana shigo da mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Na Japan da Ingila a dama yake. Sai 'yan kasuwarmu suka fuskanci Amurka, Kanada, Koriya, da Turai inda Sprinter ɗin trotro ke fitowa. Vitz ɗin Japan da suka cika gari, da yawansu sai da aka juya musu sitiyari a hanya, galibi a Dubai, kafin su iso.

Abin da muke saye kuma ba sabo ba ne. Ƙiyasin da aka saba ambata shi ne Gana tana shigo da motoci wajen 100,000 a shekara, kusan tara cikin goma hom-yus. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. Hanyar da tamu ke biyowa sananniya ce a kowane zango. Mota ta yi haɗari a can, kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara bai cancanta ba, ya biya mai ita, ya tura ta gwanjo irin na Copart ko IAA. Wani ɗan'uwa da ke zaune a Bronx ya taya ta intanet, a ja ta zuwa tashar jirgin ruwa a Niyu Jasi, Baltimo ko Sabana, a cusa ta kwantena tare da wasu, bayan 'yan makonni ta sauka a Tema.

Shi ya sa da Donald Trump ya ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shiga da su Amurka daga 3 ga Afrilun 2025, da kuma kayan haɗinsu daga 3 ga Mayu, zancen ya shigo majalisun hira a Nima, alhali ko taya ba ma sayar wa Amurka. Cikin sababbin motoci wajen miliyan 16 da ake saye a can kowace shekara, kusan rabi daga waje suke zuwa, musamman Meksiko, Japan, Koriya, Kanada da Jamus. Daga baya an sasanta da wasu. Japan, Tarayyar Turai da Koriya suka sauko kashi 15, Birtaniya ta samu kashi 10 a kan motoci 100,000 a shekara. Na Meksiko da Kanada da suka cika sharuɗan yarjejeniyar ƙasashen uku, ɓangaren da ba na Amurka ba ne kawai ake yi wa lissafi. A Afirka, wadda ta ji a jikinta kai tsaye ita ce Afirka ta Kudu, da a da take tura Mercedes C-Class zuwa Amurka babu haraji a ƙarƙashin AGOA, shirin Amurka na sassauta wa kayan Afirka haraji.

Mu ta bayan gida abin ke zuwa mana, kuma ta fuska biyu masu jan juna. Idan sabuwar mota ta yi tsada, Ba'amurke ya riƙe tsohuwarsa, ko ya shiga kasuwar tsofaffi, farashi ya tashi har a wurin gwanjo. Amma idan kayan gyara suka yi tsada, inshora ta fi saurin haƙura da motar da ta bugu, sai masu rauni su ƙaru a gwanjon. Wanne zai rinjaya, ya danganta da irin motar da kuma lokacin. A ganina an cika zuzuta wannan ɓangaren. Abin da ke yanka aljihun mai sayen mota a Akra, mafi yawansa ba a Washinton ake yanke shi ba, a Tema ne.

Kowa ya san amsar da ake ba mai tayi a garejin sayar da mota idan ya ce kuɗin ya yi yawa: «Alhaji, wallahi ba ni ba ne, habo ce», wato kuɗin da ake biya a tashar jirgin ruwa. Wani lokaci dillalin yana fakewa ne, amma sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma yana da kyau a san yadda lissafin yake.

Ba daga rasiɗin gwanjo ake farawa ba. Kwastan tana shigar da lambar shasi a na'urarta, tsarin ICUMS da aka fara aiki da shi a 2020, ta ɗauko farashin motar lokacin da take sabuwa. Sai a yi ragin tsufa: kashi 15 ga wadda ta wuce wata shida, ya hau 30, ya hau 40, ya tsaya a 50 ga wadda ta haura shekara biyar. Ba ya wuce nan, ko da motar ta shekara tara. A kan abin da ya rage a ɗora kuɗin jirgi da inshorar hanya. Wannan jimlar ce tushen komai.

A ɗauki misali, don lissafi kawai. Motar da aka sayar dala 20,000 tana sabuwa, yanzu ta shekara bakwai. Kwastan ta ce darajarta 10,000. A ce jirgi da inshora sun ci 1,500, ya zama 11,500. Kuɗin fito kansa kashi 5 ne ko 10 ko 20, gwargwadon girman inji, kuma yawancin motocin gida a 10 suke faɗawa, wato 1,150. Da a nan aka tsaya, da babu mai kuka. Sai VAT kashi 15, na inshorar lafiya 2.5, na asusun ilimi na GETFund 2.5, kuma waɗannan ana lissafa su ne a kan darajar mota haɗe da kuɗin fiton da aka riga aka ɗora, haraji a kan haraji, ya ba da wajen 2,530. Sai ƙananan da ba a cika ambata ba: na ECOWAS 0.5, na Tarayyar Afirka 0.2, na bankin EXIM 0.75, harajin shigo da kaya na musamman 2, kuɗin duba mota 1. Su ma sun haura 500. A tattara, kusan dala 4,200. Idan ɗan'uwan na Bronx a dala 4,000 ya ci gwanjon motar saboda bugun da ke gabanta, ka ga abin da aka biya gwamnati ya fi abin da aka biya mai mota. Ba a kuma zo kan kuɗin kamfanin jirgi ba, da na ajiya in an yi jinkiri, da ladan ejen, da rajista a DVLA, hukumar rajistar motoci.

Motar da ta haura shekara 10 tana da tara a kai: kashi 5 har zuwa shekara 12, kashi 20 har zuwa 15, sannan ya yi tsalle zuwa 50. Nan ne harafi na goma na lambar shasi ke iya raba aboki da aboki.

Duk wannan da dala ake auna shi, da sidi ake biya, a farashin canjin da kwastan ta sa a lokacin. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta kusa 15 a wurin 'yan canji. Dala 4,200 ɗin nan, ko ba a taɓa kashi ɗaya na haraji ba, ta tashi daga sidi 25,000 zuwa 63,000. Da sidi ya farfaɗo a tsakiyar 2025, daga sama da 15 zuwa wajen 10 da rabi, sai ta sauko kusan 44,000. Masu saye suka yi ta ƙorafin cewa gareji ba su rage ba. Suna da gaskiya, dillalai ma suna da tasu, don motar da ke tsaye a garejin da tsohon canji aka fito da ita.

Akwai kuma wani maɓalli da gwamnati ke murɗawa ba tare da ta taɓa jadawalin haraji ba. A Afrilun 2019 an yi wa darajar motoci rangwamen kashi 30 a tashar jirgin ruwa. A Maris 2022 aka mayar da shi 10. A Janairun 2023 aka soke shi gaba ɗaya, lokacin da ƙasa ke neman rancen dala biliyan 3 daga IMF. Kuɗin fito bai canza ba ko sau ɗaya a cikin waɗannan matakan, amma abin da ake biya ya canza sau uku. Ga baitulmali, mota kaya ce da ba ta ɓoyuwa, tana da lamba, tana da daraja a rubuce, dole kuma ta bi ta ƙofa ɗaya. Gwamnatin da aljihunta ya bushe ba za ta saki irin wannan da wuri ba.

Haraji yana da aiki na biyu bayan tara kuɗi, shi ne wanda Amurka ta yi da Japan: a tsaurara wa na waje har mai kamfani ya ga gara ya zo ya ƙera a gida. Gana ta gwada. A 2019 gwamnatin Akufo-Addo ta fito da manufar bunƙasa harkar motoci, a 2020 majalisa ta gyara dokar kwastan. Mai haɗa mota a gida zai shigo da sassanta babu kuɗin fito, da hutun harajin riba da zai iya kai shekara 10 ga wanda ke haɗa ta tun daga tushe. A ɗaya ɓangaren, irin motocin da ake haɗawa a gida in an shigo da su daga waje za su biya kashi 35, sannan a hana shigo da masu haɗari da wasu da suka haura shekara 10.

Kamfanoni sun zo. Volkswagen ta buɗe a Akra a Agustan 2020, daga baya ta koma Tema. Toyota ta fara haɗa Hilux a Tema a 2021, aka ƙara da Suzuki Swift. Nissan da Japan Motors suka fara Navara a 2022. Rana Motors ta buɗe wurin haɗa Kia a Amasaman a 2023. Kantanka kuwa, ta Apostle Kwadwo Safo, tana Gomoa Mpota tun kafin a yi wannan zancen. An yanka ƙyalle, an ɗauki hotuna.

Ɗaya rabin dokar ne ya maƙale. Haramcin zai fara aiki ne a Nuwamban 2020, wata guda kafin zaɓen 7 ga Disamba. Dillalan mota, 'yan kasuwar kayan gyara na Abossey Okai da masu sana'a na Suame Magazine a Kumasi suka tashi tsaye, gwamnati ta dakatar da shi tun bai soma ba. Tun daga lokacin masu haɗa motoci ke kukan cewa an kira su da alkawari, an cika rabi an bar rabi.

Ina ganin kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma lissafin ba ya tare da masu son haramci. Yawancin abin da aka fara da shi a nan, mota ce da aka riga aka yi wa walda da fenti a ƙasarta, a cire mata wasu sassa, a kawo a ɗaura. Kamar tela ne da aka kawo wa riga ɗinkakkiya ya sa maɓalli. Ba aibu ba ne a fara daga nan, ƙasashe da yawa haka suka fara, sai dai hannuwan da yake ci kaɗan ne. Motar haɗari guda kuwa, daga fitowarta habo har ta hau titi, sai ta bi ta hannun mai ja, mai buga bodi, mai walda, mai fenti, mai waya, fita mai gyaran inji da yaransa, da mai sayar da fitila. Yaran zango nawa ne ke cin abinci a wannan layin, daga Akra har Suame? Wanda zai rufe wannan ƙofar sai ya nuna inda zai kai su. Amma kada a yi wa kai ƙarya. Akwai motocin da ambaliya ta cinye wayoyinsu, akwai waɗanda jakar iskarsu ta fashe aka rufe ramin ba a sa sabuwa ba, akwai masu shasin da ya karkace aka miƙe da wuta. Waɗannan binciken gaskiya suke bukata kafin rajista, kuma ana iya yin sa ba tare da an hana kowace mai ƙujewa shigowa ba.

Babbar matsalar dai girman kasuwa ce. Amurka ta iya tilasta wa Toyota zuwa ne domin a bayan harajinta akwai masu sayen sababbin motoci sama da miliyan goma kowace shekara. Masana'antar Toyota ta Kentaki ita kaɗai tana iya fitar da motoci 550,000 a shekara. Duk abin da Gana ke shigowa da shi, sabo da tsoho, bai kai ɗaya cikin biyar na wannan ba. Sababbin kuwa ba su wuce dubu goma da wani abu ba, yawancinsu na gwamnati, bankuna da kamfanoni, kuma su ne masu haɗa motoci da dama za su raba. Ba mai ƙera gilashi ko kujera ko batir da zai kafa masana'anta don wannan. Sannan babu bashi mai sauƙi. A Yulin 2023 babban banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari. Ko wanda addininsa bai hana shi ba, ba zai ɗauki rancen mota a haka ba. Tsananta haraji a irin wannan hali ba ya mayar da mai sayen hom-yus mai sayen sabuwa. Tsohuwar da ta fi tsufa zai nema, ko ya ci gaba da lallaɓa wadda yake da ita.

Najeriya ta riga mu shiga wannan ruwan. Peugeot ta buɗe a Kaduna a 1975, kuma dattawa suna tuna lokacin da 504 ta zama motar ƙasa, kafin faɗuwar naira da shigowar 'yan Beljiyom, wato tsofaffin motocin waje, su karya ta. A 2013 aka fito da sabuwar manufa, kuɗin fito kashi 35 da ƙarin haraji 35, jimla 70. Jiragen suka karkata Kwatano, motoci suka riƙa shiga ta daji. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa gaba ɗaya, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta sauko da ƙarin harajin zuwa kashi 5. Kasuwar da ta ninka tamu sau da yawa ke nan. Mu kuma Lome tana nan maƙale da Aflao, kuma ba yau kwastan ta fara kama motocin da suka shigo da lambar waje da izinin ɗan lokaci suka zauna ba.

Ƙasashen Afirka biyu da suka yi nasara, waje suke sayarwa. Maroko tana da yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai, tana da tashar jirgin ruwa a Tanja da ke kallon Sifen. Renault ta buɗe can a 2012, Peugeot ta buɗe a Kenitra a 2019, kuma mafi yawan abin da suke ƙerawa Turai yake tafiya. Rashin haraji a ƙofar Turai ne ya gina ta. Afirka ta Kudu tana da kuɗin fito kashi 25, ta kuma toshe tsofaffin motoci kusan gaba ɗaya, amma ta haɗa da rangwame mai tsoka ga masu ƙerawa, kuma wajen biyu cikin uku na motocinta fita suke yi.

Wannan ne ya sa fatan Gana ya rataya a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, wadda sakatariyarta ke nan Akra, aka kuma buɗe cinikinta ranar 1 ga Janairun 2021. Idan Navara ta Tema za ta shiga Abijan, Wagadugu da Legas babu kuɗin fito, lissafin ya canza. Amma abin ya rataya a kan wace mota ce 'yar Afirka, kuma wannan yana cikin batutuwan da aka fi daɗewa ana kai ruwa rana a kansu. In aka ce ɗan abin da aka ƙara a gida ya isa, kowa zai kawo mota a kwali daga Asiya ya ɗaura taya ya ce tasa ce. In aka tsananta, Afirka ta Kudu da Maroko ne kaɗai za su tsallake, su kuma cika kasuwar kowa. Gana tana tsakiya, kowanne aka zaɓa da inda zai matse ta.

Kafin a gama wannan, wani baƙon ya riga ya shigo. A 2024 Amurka ta kai harajin motocin lantarki na Sin kashi 100 cikin ɗari. A Oktoban shekarar Tarayyar Turai ta ƙara musu har kashi 35.3 a kan goman da ake biya da ma, abin da ya ƙara wa BYD dalilin gina masana'anta a Hangari. Ƙasar da ke ƙera miliyan 30, aka kuma ƙuntata mata manyan kasuwanni biyu, dole ta nemi inda za ta sauke kaya. Jetour, Changan da Chery sun fara yawa a titunan Akra. Sitiyarinsu a hagu yake, ba sai an juya ba. Tun 2019 Sin ta buɗe ƙofar fitar da tsofaffin motocinta ma, kasafin kuɗin Gana na 2024 kuma ya yafe kuɗin fito na shekara takwas ga motocin lantarki na jigilar jama'a. Jadawalin ECOWAS bai bambanta motar Sin da ta Amurka ba, girman inji da shekaru yake dubawa. Abin da ke sa mai saye jan ƙafa har yanzu shi ne kayan gyara da kuma nawa za ta yi in ya tashi sayarwa. Na farkon ba zai daɗe ba, don 'yan kasuwar Abossey Okai sun jima da sanin hanyar Gwanzu.